Mamuda Mai Ajiyar Lamba

Duk wanda ya sauka a tashar Jega ya nufi kasuwa sai ya bi ta gaban kwantenar Mamuda, ko da bai lura da ita ba. Ƙarama ce, fentinta shuɗi ya koɗe, da farantin sola biyu a kan rufi, da allo cike da soket inda wayoyin mutane ke jere suna shan caji. A bayanta akwai benci guda a ƙarƙashin dogonyaro. A kan bencin nan Mamuda ya yi yawancin aikin rayuwarsa.

Shekarunsa hamsin da bakwai. A Birnin Malam aka haife shi, gidan manoman gero da albasa. Shi kaɗai cikin 'ya'yan mahaifinsa aka bari ya wuce firamare, ba don an ga wata baiwa a tare da shi ba, sai don ƙirjinsa ba ya jure ƙaiƙayin sussuka. Ya yi aji uku a sakandare mahaifin ya rasu, ya dawo gida. Abin da ya dawo da shi biyu ne: rubutu mai kyau, da iya karanta rubutun da ba shi da kyau. Da su ya kafa tebur kusa da gidan waya, yana rubuta wa mutane wasiƙa, yana karanta musu wadda ta zo. Mazan da suka bi motar albasa zuwa kudu suka daɗe, matan da aka bari da yara, tsofaffin da ke son ɗansu ya dawo kafin damina, duk ta bakinsa suke magana da juna.

Tun a lokacin ya ɗora wa kansa wasu ƙa'idoji da ba wanda ya koya masa. Ba ya karanta wa mutum wasiƙa a gaban wani. Ba ya ɗaga murya. In ya haɗu da mai wasiƙar washegari a masallaci, ba ya yi masa gaisuwar da za ta nuna ya san abin da ke damunsa. Wanda aka rubuto wa cewa ɗansa na kurkuku a Ibadan, gaisuwarsa ɗaya da ta kowa. Matarsa Zinatu ta yi shekaru tana cewa ta auri mutumin da ya fi kowa sanin labarin garin, ya kuma fi kowa rowar labari.

Da wasiƙa ta mutu, bai mutu tare da ita ba. Ya sayi lema da waya guda yana sayar da kira. Da kowa ya mallaki tasa, ya koma caji. Mutanen da yake rubuta wa wasiƙa su ne dai suka dawo da waya a hannu, suna cewa ya karanta musu saƙo, ya sa musu lamba, ya duba me ya sa ta daina ƙara.

Ajiyar lamba ta samo asali ne daga fadama. Manomin albasa da wayarsa a aljihun riga yake sunkuyawa bakin rijiyar ban-ruwa, kuma ba a shekara ba a ji wayoyi da yawa sun faɗa ba. Wasu a kasuwa ake zare su. Wayar ba ita ce asarar ba, lambobin ciki ne: direban da ke kai kaya, dillalin da ke karɓa a can, 'yar da ke aure a Argungu. Sai Mamuda ya fara kwafe lambar duk wanda ya sa wa mutum a littafi. Gara ta cinye littattafai biyu a damina ɗaya, ya haƙura ya sayi babbar waya ta hannu, ya yi wata huɗu yana zuba su ciki. Ita wannan wayar ba ya kira da ita. Tasa ta kira ƙarama ce mai maɓalli.

Yadda yake rubuta sunayen ma aikin ne ya koya masa. Abdu sun fi arba'in a ciki. Kuma wanda ya yar da waya ba ya zuwa da suna, cewa yake, "Malam, mutumin nan da nika kira kan zancen injin ban-ruwa." Don haka kowace lamba Mamuda yakan rubuta sunan mai ita, da wanda ya kawo ta, da dalilin kiran. Abdu direban kudu na Maiwada. Ɗalha mai gyaran injin Maccido. Da haka mutum zai zo hannu rabbana da safe, kafin azahar ya tafi da sabuwar waya da duk mutanensa a ciki.

Cikin masu zama a bencin akwai Gudiya mai masa. Tandarta na nan gefen hanyar shiga kasuwa, taku kaɗan daga kwantenar, kuma tun rasuwar mijinta da ita take ci da 'ya'ya huɗu. Masarta ta yi suna. Gidaje na aikowa da kwano tun sassafe, direbobi na zama su ci da miyar taushe. Abin da ba wanda ya sani sai mutum uku shi ne Gudiya na da farfaɗiya. Ciwon ya taso mata bayan haihuwar autanta, sau biyu ta faɗi a cikin ɗaki, sannan aka ɗora ta a kan ƙwaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan bai sake tashi ba. Ba ta karɓar maganin a Jega, inda za a gan ta a layi. Duk wata takan hau mota zuwa Maiyama da sunan ziyarar wata ƙawa, ta karɓa a hannun wata nas mai suna Dokas, 'yar kudancin Kaduna da aiki ya kawo. Ta san mutanenta. Yawancinsu sun yarda cewa farfaɗiya ta yawu ake ɗaukarta, kuma wanda ya yarda da haka ba zai ci abin da hannunta ya taɓa ba, ko da likita ya rantse masa. Mutum ukun su ne ita, da Dokas, da Mamuda wanda ke karanta mata saƙon ranar zuwa.

Manhajar da ake kira Dakali ta shigo ne a bazara, lokacin da ake cire albasa. Dillalan Aliero suka fara kawo ta. A cikinta mutum na sa hoton buhunansa, ya yi magana da murya ba sai ya iya rubutu ba, ya ji farashin Legas da na Fatakwal kafin ya ɗora kaya. Tana kuma nuna maka mutanen da ka sani da waɗanda take ganin ya kamata ka sani. In ka buga lambar mutum a ciki, ko bai shiga ba, sai ta fito maka da sunaye uku da aka san shi da su.

Cikin mako biyu ba a wata magana a gaban kwantenar sai tata. Alhaji Hamidu, dillalin albasa daga Aliero da ke kawo wayoyinsa biyu caji duk ranar kasuwa, shi ne babban mai yabonta.

"Jiya wani ya kira ni wai shi mai saye ne daga Aba," in ji shi. "Na buga lambarshi. Ka san abin da ta hito da shi? Ɓarawon buhu. Wani can ya riga ya sa mishi suna. Wagga aba ta hi ɗan sanda amfani."

Malam Habila, malamin lissafi a wata sakandare ta garin, ya ce, "To kai fa, Alhaji? Ka buga taka?"

"Na buga. Alhaji Hamidu Aliero. Hamidu albasa." Ya yamutsa fuska. "Da Hamidu gajere. Wanga na san ko wane ne, ƙanen matata ne."

Aka yi dariya. Habila bai yi ba sosai. Ya ce shi abin da ke damunsa, abu kyauta ne, kuma bai taɓa ganin kamfani ya yi wa talaka aiki kyauta ba. In ba ka biya da kuɗi ba da wani abu ka biya. Hamidu ya ce 'yan boko kullum tsoron abin da ba su gani ba suke yi, shi ba shi da abin ɓoyo, wanda ke da shi ya ji tsoro. Wani tsoho da ke jiran wayarsa ya ce shi dai jikarsa ta sa hoton tsakar gidansu, yanzu mutanen Legas sun san katangarsa ta zube. Wani kuma ya ce ai gwamnati ta riga ta ɗauki hoton yatsun kowa, me ya rage.

Suka juyo ga Mamuda, don shi za a kawo wa wayoyin ya sa manhajar.

"Ban sa wa kowa abin da ban gani da idona ba," ya ce. "Ku ba ni kwana biyu."

Hakan yake yi da kowace sabuwar manhaja. Ƙaramar wayarsa ba ta ɗaukar irin waɗannan, sai babbar. Ranar da la'asar, bayan ya sallami mutane, ya sauke ta. Rubutu ya fito da Turanci, dogo, ƙanana. Ya sa tabarau ya karanta sakin layi biyu, idonsa ya fara ruwa, wani ya leƙo yana neman wayarsa. Ya danna inda aka ce ya yarda. Ta sake tambayar wani abu, ya sake dannawa. Kwana biyu yana leƙawa yana ganin buhunan albasa da hotunan biki da mutane na zagin juna da murya. Bai ga abin so ba, bai kuma ga wani mugun abu ba. Ya goge ta. Ya gaya wa masu tambaya cewa shi bai ba da shawara ba, amma wanda ya nace zai sa masa. Ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kamar kwana goma, da hantsi, mashin ya tsaya a gaban kwantenar, wata mata da fararen kaya a ƙarƙashin gyale ta sauko. Bai taɓa ganinta ba, muryarta kawai ya sani.

"Kai ne Malam Mamuda? Ni ce Dokas, daga Maiyama."

"Sista, sannu da zuwa. Lahiya dai?"

"Akwai inda za mu yi magana?"

Ya kai ta benci. Ba ta zauna ba sai da ta miƙa masa wayarta. Ta ce ita ba ta ma shiga Dakali ba. Wata abokiyar aikinta ce ke wasa tana buga lambobin mutane, ta buga tata, ta ɗauko mata hoton abin da ya fito. Mamuda ya gyara tabarau. Sunaye uku ne. Sista Dokas. Maman Joyce. Na ukun ya fi tsawo: Dokas nas Maiyama maganin farfaɗiyar Gudiya mai masa.

Ya gane rubutunsa kamar yadda mutum ke gane takalminsa a ƙofar masallaci. Ya tuna ranar da ya rubuta shi, shekara shida da suka wuce, lokacin da yake kwashe lambobi daga littafi. Akwai wata Dokas a ciki, mai ɗinki, shi ya sa ya ƙara bayani.

"Na tambayi kaina wa zai rubuta haka," in ji Dokas. "Ita ba ta rubutu. Ni ban rubuta ba. Ta taɓa ce mini akwai mai karanta mata."

"Ni ne."

"Me ya sa, Malam?"

"Don in ta yar da waya in gane wadda za ta nema." Ya ji yadda maganar ta fito, ba ta da nauyin komai. "Na goge abin, Sista. Kwana biyu kawai ya yi."

"Ka goge a wayarka. Sunayen da ta kwashe daga cikinta, su ba su goge ba."

Ya zauna a bencin. Ba Gudiya kaɗai ba ce, ya sani. Lambobi sun haura dubu uku a wayar nan, kowace da dalilinta. Amma yawancinsu injin ban-ruwa ne da direba da dillali, kuma mutanen da aka sani da yawa wasu sunayen sun danne nasa. Dokas baƙuwa ce, masu lambarta kaɗan ne, shi ya sa nasa ya taso sama.

"Abokiyar aikin taki ta san Gudiya?"

"Ba ta san ta ba. Amma marasa lafiya nawa ke da lambata? 'Yan Jega nawa ke zuwa wurinmu? Yau kowa wasan da yake yi ke nan, buga lambar mutane." Ta karɓi wayarta. "Sai an gaya mata. In ba za ka iya ba ni zan je."

"Ni zan gaya mata."

Ya aika makaranta aka kira Habila lokacin hutun tara, don ya fi shi Turanci. Bai faɗa masa sunan kowa ba, ya ce dai wani suna ne ya fita da bai kamata ba. Habila bai tambaya ba, bai kuma ce ai na faɗa ba. Suka sake sauke manhajar a wayar Habila, suka nemo inda ake kai ƙara, suka rubuta. Amsa ta dawo nan take, irin wadda inji ke bayarwa, cewa an gode, za a duba cikin kwana talatin.

"Kwana talatin," in ji Mamuda.

"In sun duba ke nan." Habila ya yi ta latse-latse. "Ga abin da na fahimta. Sunayen da suka fi yawa a wayoyin mutane su take nunawa. Ba za ka iya cire naka ba, amma in wasu sunaye suka fi shi yawa zai nutse. Sai dai wayoyin su zama masu Dakali. Kuma ban san yaushe take sabunta lissafinta ba."

Da azahar ta wuce Gudiya ta gama suya, tana goge tanda da tsumma. Mamuda ya tsaya nesa kaɗan ya ce in ta gama yana son ganinta. Ta zo bencin tana goge hannu da gefen zane.

"Saƙo ya zo? Ai wata bai cika ba."

"Ba saƙo ba ne, Mai masa. Laihi na yi miki."

Ya faɗa mata duka, a jere, da ƙaramar muryar da yake karatu da ita. Bai ce manhajar ce ta yaudare shi ba. Ta saurara tana kallon ƙasa. Da ya gama ta ce ya maimaita mata abin da aka rubuta, kalma kalma. Ya maimaita.

"Har da mai masa."

"Har da shi."

"Da ka tsaya ga Gudiya, ai muna da yawa."

Ta ɗago ta dube shi.

"Mutum nawa sunka gani?"

"Ban sani ba."

"Kai da ka san komi."

"Wanga ban san shi ba. Ba ta nuna wanda ya duba."

Wata mota mai lodin albasa ta wuce, warin ya biyo iska. Sannan Gudiya ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai lissafa aikin gobe, "Shekara goma sha ɗaya ina biyan mota zuwa Maiyama. Ɗiyata ta fari ba ta sani ba, ce take hawan jini ne. Ni ban taɓa riƙe wagga aba ba, Malam. Ban san kalarta ba. Ina nan ina suya ta same ni."

Ya gaya mata dabarar da Habila ya kawo. Ta ce ya yi abin da zai iya. Ta tashi ta ɗauki tandarta.

Matsalar dabarar ita ce wayoyi masu Dakali sun fi yawa a Aliero, hannun dillalai, kuma ba ya iya sa wa mutum lamba a waya ba tare da ya sani ba. Bai taɓa yi ba, ba zai fara yanzu ba. Dole ya roƙa. Duk wanda ya roƙa kuma zai iya buga lambar ya ga me ake ɓoyewa. Ya kwana biyu yana juya wannan. A Jega ya fara, da mutanen da ya san ba sa karatu: ya ce akwai wata nas a Maiyama mai kirki, ta yarda a riƙe lambarta saboda larura, zai sa musu in suna so. Gaskiya ce, don ya kira Dokas ta ce ya sa, in ya so ta sha kiran. Wasu ya rubuta Sista Dokas, wasu Nas Dokas, wasu Dokas Maiyama. Shi da ya ce bai ba da shawarar Dakali ba, yanzu in aka kawo waya aka ce a sa, ba ya ko jan magana. Kwana huɗu, sunan na nan.

A rana ta biyar ya rufe kwantena, abin da ba ya yi sai ranar sallah, ya hau mota zuwa Aliero. Rana ta yi zafi. Albasa ce ko'ina, a shanye, a tsibe, ana zuba ta a buhu ana ɗinke baki. Ya sami Hamidu a rumfarsa da dillalai kusan goma.

"A'a, yau mai caji da kanshi? Wa ka bar wa wayoyin mutane?"

Ya ja shi gefe ya yi masa bayanin nas mai kirki. Hamidu ya dube shi ta gefen ido.

"Malam Mamuda, ka rufe shago, ka biya mota, cikin wagga rana, don ka raba lambar nas? Ko aure za ka ƙara?"

"Alhaji, alfarma nika roƙo. Ka sa su sa, kuma kada a buga ta ciki."

"To ai ka ce a buga ke nan."

Ya ciro wayarsa. Mamuda ya ga yatsansa na tafiya, bai hana shi ba, don ba shi da abin hanawa. Hamidu na karatu a hankali, yana motsa leɓe. Ya kai ƙarshe. Fara'ar ta bar fuskarsa.

"Gudiya tamu? Ta bakin kasuwa?"

"Shekara goma sha ɗaya ba ta faɗi ba. Kuma ba a ɗauka, Alhaji. Ka tambayi duk likitan da ka sani."

"Allah ya ba ta lahiya." Ya mayar da wayar aljihu. "Wa ya rubuta wanga rashin imani?"

"Ni."

Hamidu ya juya ga rumfar ya ce kowa ya miƙo wayarsa, za a sa musu lambar asibiti, wanda ya tsaya tambaya ya nemi wani ya sayar masa da kaya. Ya karɓe su da kansa yana miƙa wa Mamuda ɗaya bayan ɗaya, yana karɓa yana mayarwa, ba ya barin kowa ya tsaya dubawa. Ya zaga da shi rumfa shida. Kafin la'asar sun sa a wayoyi sun fi sittin. Da zai hau mota Hamidu ya ce masa, "Ba ta hita bakina." Mamuda ya yarda da shi.

Sai a kwana na goma sha ɗaya sunan ya nutse. Habila ne ya zo da safe ya nuna masa: Sista Dokas, Nas Dokas, Dokas Maiyama. Mamuda ya duba sau biyu, ya ce alhamdu lillahi, bai ji sauƙin da ya zata ba. Ranar ya fara bin babbar wayar suna bayan suna yana yanke dalilai. Aikin ya ci masa makonni. Yanzu in mutum ya zo neman mutumin da yake kira kan zancen inji, sai su yi ta gwada Abdu bayan Abdu.

Ko wani ya gani cikin kwanakin nan, da waɗanda suka gabace su, ba wanda zai iya cewa. Ba a yi maganar a kasuwa ba, ba wanda ya tari Gudiya da ita. Direbobi na nan suna ci. Amma daga ƙofar kwantenarsa Mamuda na hango tandar, kuma ya san kwanonin da ke zuwa da safe kamar yadda ya san wayoyi. Wani koren kwano daga unguwar Jega Magaji ya daina zuwa. Na gidan wani tela ma haka. Hamidu na tsayawa ranar kasuwa ya gaishe ta da kyau, har ya fi da, ya tambayi yara, sannan ya wuce wurin mai shayi ya ci burodi. Ana iya cewa zafi ne, mutane sun koma kunu. Ana iya cewa wata sabuwar mai masa da ta buɗe kusa da tasha ce. Mamuda ya gwada waɗannan dalilan a ransa, wasu ranakun suna zama.

Gudiya ba ta zo bencin ba har wata ya cika. Ranar da ta zo, da hantsi ne, ta riga ta kashe wuta, abin da da sai azahar. Ta miƙo wayarta.

"Ta yi ƙara jiya. Duba ko Sista ce."

Ya duba. "Ita ce. Ta ce Laraba, ki zo da wuri, za ta tahi taro."

"Laraba." Ta karɓi wayar. "Na so in ba wani ya karanta. Na duba duk garin, sai na ga kowa na ba, ya zama na biyar, don na ga alama Alhaji Hamidu ya riga ya zama na huɗu."

"Yaya kasuwa?"

"Mudu huɗu nika jiƙawa. Yanzu uku, shina saura." Ta ɗaure wayar a bakin zane. "Ban sani ba ko shi ne. Kai ma ba ka sani ba. Kada ka tambaye ni kuma."

"To."

"Kuma lambar Sista, cire ta daga wurinka gaba ɗaya. Na sa autana ya yi ta karanta mini ita har na hardace. Ce mishi na yi ta mai gero ce."

Ya ɗauko babbar wayar, ya nemo sunan, ya juya fuskar wayar gare ta ko da yake ba ta karatu, ya goge a gabanta. Ta gyaɗa kai. Wani manomi daga Jandutsi na tsaye a gaban kwantenar tun ɗazu da sabuwar waya a kwali, yana so a sa masa Dakali kafin motarsu ta tashi. Mamuda ya ce masa ya ɗan jira. Ya zauna har Gudiya ta kai wurin tandarta, ta fara juye sauran ƙullun a roba. Sannan ya tashi ya karɓi kwalin.